Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ragowar Nauyin Ya Tafi?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga Jihar Kebbi. Masu su ba su san juna ba, sana'o'insu kuma sun sha bamban, amma da muka zauna muka karanta sai muka tarar tushen tambayoyin ɗaya ne, wato yadda jikkuna biyu ke motsi idan suna jan juna ko suna turin juna. Muna roƙon mai karatu ya bi su a jere, domin amsar farko ita ce tsanin hawa sauran.

Tambaya, daga wata ɗalibar jami'a a Aliero: Assalamu alaikum, Malam. A darasin fiziks an koya mana cewa idan jikkuna biyu suna jan juna, kamar Duniya da Wata, ana iya ajiye nauyinsu biyu gefe a yi aiki da guda ɗaya da ake kira ragaggen nauyi, wanda ake samu idan an ninka nauyin farko da na biyu aka raba da jimillarsu. An kuma ce makamashin motsinsu yana rabuwa gida biyu. Na haddace ƙa'idar, ina ma cin maki da ita, amma hankalina bai kwanta ba. Ina ragowar nauyin ya tafi? Kuma wannan abu yana da gaskiya a zahiri, ko dabara ce kawai ta sauƙaƙa lissafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah Ya yi wa karatunki albarka. Na ji daɗin wannan rashin kwanciyar hankali naki, domin ɗalibai da yawa da zarar ƙa'ida ta ba su maki sai su sallame ta, ba su ƙara waiwayarta. Kafin mu shiga ciki sai mun daidaita a kan kalma ɗaya. A bakin Bahaushe nauyi shi ne abin da ke danne wuyan mai ɗaukar kaya, amma a wannan fili duk inda na ce nauyi ina nufin yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake ƙirgawa da kilo, wanda kuma ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ko da an kai jikin saman Wata. Aikinsa a lissafin motsi shi ne gardama: gwargwadon nauyin jiki, gwargwadon tirjiyar da zai yi wa duk mai son sauya masa tafiya.

To, mu bar sama tukuna mu gangara bakin kogi a Yauri. Ga kwale-kwale biyu a wani lungu da ruwa ya kwanta, tsakaninsu mita 12. Na farko yana ɗauke da buhunan shinkafa, shi da kayansa kilo 300, na biyu kuwa masunci ne shi kaɗai a ciki, shi da jirginsa kilo 100. Masuncin ya jefa igiya aka ɗaure a hancin babban jirgin, ya gyara zama, ya kafa ƙafafunsa a katakon gabansa, ya fara ja hannu bayan hannu da ƙarfin niyuton 150, kwatankwacin ƙarfin da mutum ke sawa ya riƙe kaya mai kilo 15. Mu kau da kai daga tirjiyar ruwa na ɗan lokaci don lissafin ya fito sarari. Duk wanda ya saba zaman bakin ruwa ya san abin da zai biyo baya: masuncin yana janyo babban jirgi, amma nasa jirgin ne ya fi saurin tafiya, saboda igiya ba ta nuna son kai, da ƙarfin da take jan wannan baki da shi take jan wancan. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a Ingila a shekarar 1687.

Yanzu mu sa lamba. Idan aka raba niyuton 150 da kilo 300 za a ga gudun babban jirgi yana ƙaruwa da rabin mita a kowane sakan, idan kuma aka raba da kilo 100 za a ga gudun ƙaramin yana ƙaruwa da mita ɗaya da rabi. Sai dai masuncin ba ruwansa da bakin gaɓa, abin da hannunsa ke ji shi ne saurin shigowar igiya, wato saurin ƙanƙancewar tazarar da ke tsakaninsu, kuma tunda jiragen fuskantar juna suke yi, wannan sauri yana ƙaruwa da rabi a tara da ɗaya da rabi, mita 2 ke nan a kowane sakan. Ga tambayar da ta haifi ragaggen nauyi: da a ce mutum yana tsaye a gaɓa, ƙafarsa a kafe, yana jan jirgi guda ɗaya tak da niyuton 150 ɗin nan, jirgi mai kilo nawa ne zai taho masa da irin wannan sauri? Ki raba 150 da 2, za ki samu kilo 75. Ki koma ga ƙa'idar da kika haddace, 300 sau 100 a raba da 400, za ki sake samun 75.

Kin ga ke nan babu kilo ko ɗaya da ya ɓace. Buhunan shinkafa suna nan cif, masunci bai rame ba. Kilo 75 ɗin nan gardamar tazara ce, wato awon wahalar buɗa ta ko rufe ta, kuma dole ta gaza gardamar kowane ɗaya daga cikin jiragen, domin kowanne yana taimakawa da tasa tafiyar wajen rufe ta. A rubuce ana ba shi harafin Girkanci μ, wanda ake furtawa miyu, a ce 1/μ = 1/m₁ + 1/m₂, inda m₁ da m₂ su ne nauyin jikkunan biyu, wanda idan aka juya shi sai ya zama μ = (m₁ × m₂) ÷ (m₁ + m₂). Abubuwa biyu ne nake so ki riƙe daga gare shi, don su zame miki ma'aunin gane kuskure a ɗakin jarrabawa. Idan jikkunan sun yi kunnen doki a nauyi, ragaggen nauyi rabin guda ne daidai. Idan kuwa ɗaya ya rinjayi ɗaya nesa ba kusa ba, ragaggen nauyi yana matsowa dab da nauyin ƙaramin, har ya zama kamar babban turke ne a kafe. Duk amsar da ta fito ta fi nauyin ƙaramin, to akwai gyara a lissafin.

Jimillar nauyin, wato kilo 400, ita ma tana da nata aikin, kuma don ki gan shi sai ki lura da mai ga-ruwa. Idan garewaninsa biyu a cike suke, tsakiyar sanda yake ɗorawa a kafaɗa. Idan ya juye rabin guda a gidan wani ya fito, za ki ga ya tsaya a ƙofar gida ya gusa sandar, kafaɗarsa ta matsa kusa da cikakkiyar garwa, sannan ya ci gaba da tafiya. Wurin da kafaɗar ta zauna shi ne cibiyar nauyi. A wajen jiragenmu tana nan mita 3 daga babba, mita 9 daga ƙarami, kuma daidai nan za su haɗu, ko masuncin ya ja da ƙarfi ko ya ja a hankali, ko ma wanda ke cikin babban jirgin ne ya karɓi jan. Ƙarfin da ke tsakanin jikkuna biyu ba ya iya gusar da cibiyarsu, kamar yadda mutum ba ya iya ɗaga kansa sama ta hanyar jan wuyan rigarsa. Idan cibiyar a tsaye take za ta zauna a tsaye, idan tafiya take yi za ta ci gaba da tafiyarta da kilo 400 ɗinta, ba ruwanta da abin da ke gudana a tsakani.

Daga nan maganar makamashin motsi ta zama mai sauƙi. Ƙa'idarsa rabin nauyi sau gudu sau gudu, ana kuma auna shi da jul. Bayan sakan 2 da fara ja, babban jirgi yana gudun mita 1 a sakan, makamashinsa jul 150, ƙaramin yana gudun mita 3, makamashinsa jul 450, jimilla 600. Ki sake lissafin ta ɗaya hanyar: saurin rufewar tazara mita 4 ne a sakan, rabin 75 sau 4 sau 4 kuwa 600 ne. Akwai ma shaida ta uku daga hannun masuncin kansa, domin a cikin sakan 2 ɗin nan igiya mita 4 ya tara a gabansa, kuma niyuton 150 sau mita 4 jul 600 ne. Gumin da ya yi bai tafi ko'ina ba sai cikin wannan lamba.

Yanzu mu fito da jiragen tsakiyar kogi, inda ruwa ke gangarawa da gudun mita 2 a sakan yana ɗauke da su duka, ƙaramin yana ta ƙasa, babban yana ta sama. Mai tsayuwa a gaɓa zai ga babban yana gangarawa da mita 3 a sakan, ƙaramin yana haurawa da mita 1, saboda haka a lissafinsa makamashin ya zama 1,350 da 50, wato jul 1,400. Ki cire 600 ɗinmu na ɗazu, saura 800, kuma 800 ɗin nan ba komai ba ne illa rabin 400 sau 2 sau 2, makamashin tafiyar cibiya. Wannan ita ce rabuwa gida biyu da aka faɗa muku, wadda ake jinginawa ga Johann Samuel König tun shekarar 1751. Ni nakan kira su asusu biyu. Na farko asusun ayari ne, rabin jimillar nauyi sau gudun cibiya sau kansa, kuma yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon inda mai kallo yake tsaye. Na biyu asusun tsakani ne, rabin ragaggen nauyi sau gudun tsakani sau kansa, wanda mai gaɓa da masunci da mai wucewa a jirgin inji duk za su yarda a kan lambarsa. Dalilin da ya sa asusun biyu ba sa cuɗanya shi ne, idan aka auna daga cibiya, nauyi sau gudun wannan yana soke na wancan daidai wa daida, kamar yadda 300 sau 1 ya yi daidai da 100 sau 3.

Zan ja hankalinki ga wani rami da na sha ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna faɗawa. Ragaggen nauyi yana shiga ne a ɓangaren gardama kawai, amma ƙarfin janyowa da ke tsakanin Duniya da Wata ana lissafa shi da nauyinsu na ainihi, na farko sau na biyu. Idan kika raba wannan ƙarfi da ragaggen nauyi, abin da zai rage miki a ɓangaren nauyi shi ne jimillar nauyin biyu, kuma ta nan ne Newton ya yi wa dokar Johannes Kepler ta uku, ta shekarar 1619, gyaran fuska: tsawon lokacin kewaye bai dogara ga nauyin Rana kaɗai ba, sai an tara da na duniyar da ke kewayen.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ko dabara ce kawai. A ganina mafi kyawun amsa tana cikin ƙwayar zarra. A cikin ƙwayar zarrar iskar haidirojin akwai furoton guda a tsakiya da ilektiron guda mai kewaya shi, furoton ya ninka ilektiron nauyi kusan sau 1,836, saboda haka ragaggen nauyinsu ya gaza na ilektiron da kashi ɗaya cikin kusan 1,837 kacal. Mutum zai ce wannan ai ba abin kulawa ba ne. A shekarar 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, ya yi lissafin cewa wata lamba da ke tsara launukan hasken hiliyom da ya rasa ilektiron guda za ta ninka ta haidirojin sau 4 cif, sai Alfred Fowler a Landan ya nuna cewa awo ya ba da 4.0016. Bohr ya koma ya sa motsin tsakiyar ƙwayar cikin lissafi, wato ya yi aiki da ragaggen nauyi, sai ga 4.0016 ta fito. Bayan shekara 18, a 1931, Harold Urey da abokan aikinsa a Amurka suka yi farautar wani nau'in haidirojin mai ninkin nauyi ta wannan hanya. Sun san idan yana nan, jan layin haskensa zai gusa kaɗan daga nanomita 656.3 zuwa wajen 656.1 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), saboda tsakiyarsa ta fi nauyi, ragaggen nauyinsa ya ɗan ƙaru. Suka duba wurin, suka tarar da layin. Shi ne diyuteriyom, wanda ya jawo wa Urey kyautar Nobel a 1934. Abin da ya iya nuna wa mutum inda zai duba ya ga abin da ba a taɓa gani ba, ni dai ba zan kira shi dabarar alli kawai ba.

Tambaya, daga wani direba a Jega: Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Na fi shekara ashirin ina lodin fasinja daga Jega zuwa Yauri da Kwantagora. Gardama ce ta kaure tsakaninmu a tasha. Wasu sun ce idan motoci biyu kowace tana gudun kilomita 70 suka yi taho-mu-gama, daidai yake da mota ta daki bango da gudun 140, wasu kuma suka ce sam ba haka ba ne. Muna so ka raba mana. Sannan me ya sa idan ƙaramar mota ta haɗu da tirela, sai ka ga direban tirela ya sauko da ƙafarsa, ƙaramar kuwa ba kyan gani?

Amsa: Alhaji, Allah Ya tsare hanya, Ya kai ku gida lafiya ku da fasinjojinku. Asusun tsakani da na yi wa ɗiyarmu bayani a sama shi ne mai raba wannan gardama, domin idan motoci biyu suka yi karo suka manne, shi kaɗai ne makamashin da ke komawa lanƙwasa ƙarfe da fasa gilashi da jikkata mutane a wannan bugu, na ayari kuwa yana ci gaba da jan tarkacen a kan kwalta. Zan ɗauki gudun kilomita 72 a awa a maimakon 70, saboda shi ne mita 20 a sakan daidai.

Mota mai kilo 1,000 idan ta daki bangon da ba ya gusawa da wannan gudu, bango tamkar jiki ne mai nauyi marar iyaka, don haka ragaggen nauyi shi ne kilo 1,000 na motar, makamashin ɓarna kuwa jul 200,000, duka a kanta. Idan irin waɗannan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, gudun tsakani ya ninka ya zama mita 40 a sakan, amma ragaggen nauyi ya sauko zuwa kilo 500, makamashin ɓarna ya zama jul 400,000, wanda motoci biyu za su raba, kowace ta ɗauki 200,000. Ashe kowace kamar ta daki bango ne da gudunta na 72. Da bango ta daka da gudun 144, da jul 800,000 ta sha ita kaɗai, ninki huɗu ke nan. A nan masu cewa ba haka ba ne su ke da gaskiya. Amma kada a kori ɗaya ɓangaren daga majalisa, domin idan aka cire bango aka sa mota irinta da ke ajiye a bakin hanya, aka dake ta da gudun 144, lissafin yana komawa jul 400,000 ɗin nan daidai.

Maganar tirela kuwa ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma a nan masu cewa 140 sun kusa cin gardama. Mu ɗauka tirela da kayanta kilo 30,000 ce, ƙaramar mota kilo 1,000, kowace tana gudun 72. Ragaggen nauyinsu wajen kilo 968 ne, kusan nauyin ƙaramar gaba ɗaya, gudun tsakani mita 40 a sakan, makamashin ɓarna wajen jul 774,000, kuma mafi yawansa a jikin ƙaramar zai sauka, tunda ita ce mai raunin jiki. Bayan karon, tarkacen zai bi hanyar da tirela ta nufa da gudun wajen kilomita 67 a awa. Ka duba abin da wannan ke nufi ga mutanen ciki. Direban tirela gudunsa ya ragu ne daga 72 zuwa 67, bai kai kilomita 5 ba, abin da bai wuce taka birki da ƙarfi ba. Mutanen ƙaramar mota kuwa cikin ƙiftawar ido an ɗauke su daga 72 gaba an mayar da su 67 baya, sauyin wajen kilomita 139 a awa, kuma wannan sauyi shi ne abin da ƙashi da hanji ke ji.

Ka kwatanta da mai gudun 90 da ya daki bayan mai gudun 72, kowace mota kilo 1,000. Gudun tsakani mita 5 ne kawai a sakan, makamashin bugun jul 6,250, kashi ɗaya cikin 64 na taho-mu-gaman ƙananan motoci biyu na ɗazu, ko da yake idan mota ta ƙwace bayan bugun ta bar hanya, sauran makamashin yana nan yana jira a jikin bishiya ko rami. Shi ya sa nake roƙonka, a matsayinka na babba a tasha, ka riƙa faɗa wa yaran da ke tasowa cewa sakan ɗin da suka fita hannun wani don su wuce mota a kwana ko a kan tudu, a sakan ɗin ne gudunsu da na mai tahowa ke haɗuwa wuri ɗaya, kuma ɓarna tana bin wannan jimilla ne sau kanta.

Tambaya, daga wani malamin ƙaramar sakandare a Zuru: Ranka ya daɗe, littafinmu ya ce Wata yana kewaya Duniya. Wani yaro ya tambaye ni, tunda Wata ma yana jan Duniya, me ya hana ita ta motsa? Na ba shi amsa, amma ni kaina ban gamsu ba. Kuma idan aka haɗa da Rana suka zama uku, lissafin yana nan yadda yake?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, kuma ka riƙe yaron nan da kyau, domin gaskiya tana wajensa: Duniya tana motsawa. Ita da Wata suna kewaya cibiyar nauyinsu ne tare, sau ɗaya a cikin kwana 27.3, wanda ya ɗan gaza kwana 29.5 da muke ƙirgawa daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani, saboda a tsakanin nan su biyun sun ci gaba da tafiya a kewayen Rana. Duniya ta ninka Wata nauyi wajen sau 81, tsakaninsu kuma a matsakaici kilomita 384,400 ne, don haka cibiyar tana nan wajen kilomita 4,670 daga tsakiyar Duniya. Tunda daga tsakiyar Duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne, cibiyar tana cikin cikinta, wajen kilomita 1,700 a ƙarƙashin ƙasa. Wata yana zabga gudun kusan kilomita ɗaya a sakan a babban da'irarsa, Duniya kuwa tana rangaji a ƙaramar da'irarta da wajen mita 12 a sakan, gudun babur a cikin gari. Cikin makamashin wannan kewaye, kusan kashi 99 cikin 100 yana wajen Wata, kamar yadda ƙaramin kwale-kwale ya ɗauki 450 cikin 600. Saboda haka littafin bai yi ƙarya ba, taƙaitawa ya yi.

Rana ma ba ta tsira ba. Ta ninka duniyar Mushtari nauyi fiye da sau 1,000, amma saboda nisan da ke tsakaninsu cibiyarsu ta fito waje kaɗan da doron Rana, kuma Rana tana kewaya ta sau ɗaya a cikin kusan shekara 12. Irin wannan rangaji ne ya tona asirin duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. A shekarar 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, masana daga Siwizalan da ke aiki da madubin hangen taurari a kudancin Faransa, suka lura hasken wani tauraro mai kama da Rana yana nuna yana matsowa yana ja da baya duk bayan kwana huɗu da 'yan awoyi, suka gane akwai wata duniya da ke jan sa ko da yake ba su gan ta da ido ba. An ba su kyautar Nobel a 2019.

Idan jikkunan suka zama uku kuwa, rabin dabarar ce ke tsira. Cibiyar nauyi tana nan tana tafiyarta, asusun ayari yana rabuwa kamar da, amma abin da ya saura ya ƙi komawa jiki guda, domin yanzu tazara uku ce, kowace tana sauya ƙarfin da ke kan sauran. Henri Poincaré na Faransa, wanda ya ci gasar lissafi ta Sarki Oscar na Biyu na Suwidin a 1889 a kan wannan matsala, ya nuna a gyararren aikinsa na 1890 cewa tafiyar jikkuna uku tana iya rikicewa har ɗan bambanci ƙanƙani a farawa ya kai su wurare masu nisa da juna. Abin da ya sauƙaƙa lamarin Rana da Duniya da Wata shi ne kusancin biyun ƙarshe, wanda ya sa ake fara ɗaukarsu jiki guda mai kewaya Rana, sannan a bi da gyare-gyare, a yau kuma kwamfuta ce ke bin lissafin taki bayan taki.

Ga abin da nake ba ka shawarar ka kai aji. Ka samo busasshen karan dawa, ka soke babbar albasa a baki ɗaya, ƙarama a ɗaya bakin, ka sa yaron da ya yi tambayar ya riƙa gusa zare a jikin karan har ya tsaya a miƙe, sannan ya murza shi a hankali. Ajin zai ga babbar albasa tana zana ƙaramar da'ira, ƙaramar tana zana babba, zaren kuwa yana nan inda yake. Daga nan ka ja layi mai santimita 82 a allo, ka zana Duniya a baki ɗaya da faɗin santimita 2.7, kamar ɗan lemon tsami, Wata a ɗaya bakin da faɗin kashi uku cikin huɗu na santimita, kamar ƙwayar gyaɗa, ka ba yaron alli ya auna santimita ɗaya daga tsakiyar Duniya ya ɗiga alama. Ɗigon zai faɗa cikin da'irar Duniya, ɗan nesa kaɗan da bakinta.